Saƙon Mutanen Agege a Keken Ridwanu

Shafi na 23

Masu tambaya ko ya kai Abeokuta: ya kai. Dawowar ce matsala.

Ƙarfe huɗu da minti talatin da ɗaya na yamma Ridwanu ya iso tashar ƙarshe, a gindin gadar Pen Cinema. Kilomita ɗari da hamsin da uku ya yi a kan keke tun ƙarfe shida na safe, daga Ikeja zuwa Abeokuta da dawowa. Saura bakwai. Ƙarfe biyar daidai za a rufe layin gamawa.

Mutum dubu ɗaya da ɗari biyu ne suka tashi a wannan gangamin keke. Wasu sun gama tun azahar, wasu sun sare a hanya. Ridwanu ne na ƙarshe da ya rage a kan titi. Can bayansa, babbar motar da ke kwashe waɗanda suka gaza tana tafe a hankali. Bara ita ce ta sauke shi a nan Agege, shi da kekensa, a gaban 'yan unguwa. Tun ranar sunansa ya tashi daga Ridwanu dillalin burodi ya koma Na-Mota.

Jami'ar tashar, wata Bayarabiya mai riga ruwan lemo, ta dubi lambar da ke ƙirjinsa. Sannan ta dubi bayan keken. Doya biyu. Jarkar manja. Ƙullin garin rogo. Turmin zanen adire a leda. Sauran ba a gane ko mene ne ba, an naɗe su da robar taya, irin ɗaurin da yake yi wa akwatin burodi.

"Oga, na market you go?" in ji ta, wai ko kasuwa ya je.

Ya amsa mata da Yarbanci, a taƙaice, cewa ta buga masa hatimi a kati yana sauri.

Bai kai ga miƙa katin ba aka riƙe kan keken.

"Sannu da hanya, Ridwanu."

Inna Mero ce, maƙwabciyarsu, tsohuwar da ta riƙe shi a ranar sunansa. Bayanta mutum sun fi ashirin. Jiya da yamma mutum shida daga cikinsu suka kawo masa saƙo, tunda sun ji zai bi hanyar Abeokuta. Ya kai shidan. Ya dawo da tara.

"Yauwa Inna. Sakar min keken."

"Ka samu Yari a Ifo?"

"Na same shi."

"Ya ƙafar tasa?"

"Da sauƙi."

"Wacce ka duba? Ta dama ce mai ciwon."

"Inna, ban duba ƙafa ba. Ya ce a gaishe ki. Ga doyarki nan, in na dawo."

"In ka dawo daga ina? Ba ga ka ka dawo ba?"

"Saura Ikeja."

"Ikeja kuma? Wa kake da shi a Ikeja?"

Ridwanu ya rufe ido, ya buɗe.

Sabi'u mahauci ya kutso da wuƙarsa a ƙugu, yana goge hannu a riga.

"Na-Mota! Ga motarka can ta iso. Wallahi direban ya gane ka, dubi yana ɗaga maka hannu."

Aka yi dariya.

"Sabi'u, ba yau ba."

"To yaushe? Sau ɗaya ake yi a shekara. Ina adiren matata?"

"Yana nan."

"Mai ruwan bula ta ce."

"Abin da aka ba ni na ɗauko."

"Ba ka buɗe ka gani ba?"

"A kan keke zan buɗe zani?"

Huɗu da talatin da uku.

Wata mata daga baya ta ɗaga murya tana tambayar ko 'yarta ta Sango ta yi ƙiba. Wani dattijo yana son sanin mutum nawa suka je gaisuwar rasuwar ƙanensa. Wani kuma bai ba da saƙo ba, ya zo ne ya ji dalilin da ya sa ba a gaya masa za a yi tafiya ba, alhali yana da takalmin da zai aika Itori.

Ridwanu ya cire hular kwano. Gumi ya bushe a fuskarsa ya bar farin gishiri.

"Ku saurara. Don Allah ku saurara, sau ɗaya zan faɗa."

Suka juyo gare shi.

"Wata takwas ina tashi bayan sallar asuba ina zagaye Ogba. Na rage tuwo. Na daina shayi da madara. Na ce muku ba tafiya zan yi ba, gangami ne, akwai lokaci. Kuka ce ai hanya ɗaya ce."

"Ai hanya ɗaya ce," in ji Inna Mero.

"A Sango na tsaya minti ashirin. A Ifo, gidan gaisuwa, minti arba'in. Sai da na zura jallabiya a kan wannan wandon, don ba zan shiga gaban malamai da shi ba. Aka yi addu'a, aka shafa. Na miƙe, wani ya shigo, aka sake sabuwa. A Itori aka ce maigidan ya tafi masallaci, ba a karɓar saƙonsa sai da hannunsa. A unguwar Sabo ta Abeokuta wani Alhaji ya rantse ba zai karɓi saƙo daga mutumin da ke tsaye ba."

"Mutumin kirki ke nan," in ji dattijon.

"Awa biyu da minti hamsin. Na ƙirga. Mutanen da na wuce a Ewekoro da safe yanzu suna gida sun yi wanka."

"To ai ka samu lada," in ji Sabi'u.

Ridwanu bai kula shi ba. Ya tsaya yana kallon Inna Mero, kamar yanzu wani abu ya faɗo masa.

"Inna."

"Na'am."

"Duk gidan da na shiga, na tarar an riga an shimfiɗa tabarma. Ga ruwan sanyi a kwano. Har matashi. Shida cikin shida."

"To mutane ba za su karɓi baƙo ba?"

"Wa ya gaya musu lokacin da zan iso?"

Inna Mero ta gyara mayafi.

"Ni dai waya aka ce in yi wa Yari, na yi."

"Wa ya ce?"

"Aka ce kada ya bari ka tashi sai ka sha ruwa ka miƙe ƙafa. Kuma ya haɗa maka ɗan abin da za ka riƙo, mai ɗan nauyi."

"Mai ɗan nauyi."

"Haka ta ce."

"Ta?"

Tsohuwar ta kai hannu baki. Ta waiga baya. Mutane suka bi ta da kallo, sannan suka dare.

Ummu Salma, matar Ridwanu, tana tsaye a jikin wani keke-napep da aka ajiye. Hijabi ruwan toka, gorar ruwa a hannu ɗaya. Ba ta yi kama da wadda aka kama ba. Ta tako har gabansa.

"Sannu da hanya, Baban Laila."

"Ke ce?"

"Sha ruwa."

"Ummu, ke ce?"

"Ni ce. Ranar Laraba a islamiyya na sanar. Na ce maigidana zai je Abeokuta, mai saƙo ya kawo. Na zaɓi gidajen da kaina, na raba su a hanya yadda ba za ka yi nisa ba ka zauna ba."

Sabi'u ya saki baki.

"Kai! Ashe adiren nan ma..."

"Matarka ba ta buƙatar adire, Sabi'u. Ni na roƙe ta."

Huɗu da talatin da shida. Motar kwashe mutane ta tsaya a bayansu, injinta na aiki. Mutum huɗu ne a ciki, sun jingina da kekunansu.

Ridwanu ya yi ƙasa da murya.

"Kin san abin da ranar nan take a wurina."

"Na sani."

"Kin ga ina fita da duhu. Ke kike buɗe min ƙofa."

"Ni ce."

"Kika haɗa ni da doya."

"Na san ba za ka iya ce wa Inna a'a ba. Ba ka taɓa mayar da saƙon babba ba tunda na san ka. Da shi na kama ka."

"Saboda me?"

Ta sa hannu cikin hijabi, ta fito da wata takarda da aka ninke huɗu. Gefenta ya yi laushi, alamar ta sha ruwa ta bushe.

Ridwanu ya gane ta tun kafin a buɗe.

"A ina kika samu?"

"A aljihun shuɗiyar rigarka. Da na wanke ta da ita."

"Ba komai ba ne."

"Ɗari da tamanin da biyar a kan ɗari da goma. Na kai wa ma'aikaciyar jinya ta layinmu ta karanta min. Hawan jini. Likita ya rubuta ka fara magani, ka bar aikin ƙarfi, ka koma bayan wata guda. Yau kwana goma sha ɗaya."

"Ina shan maganin."

"Na ƙirga ƙwayoyin. Uku ka sha."

"Yana sa ni kasala a kan keke."

"To."

Inna Mero ta saki kan keken.

"Hawan jini, Ridwanu? Shi ne fa ya kwantar da babanka a tsakiyar kasuwar shanu."

"Inna, don Allah."

"Ba a gaya min haka ba. Ni an ce min gajiya ake jin tsoro."

Ridwanu ya juya ga matarsa.

"Me ya hana ki yi min magana a ɗaki, ni da ke?"

"Sau uku na tambaye ka. Ranar da ka dawo daga asibiti na ce me likita ya ce, ka ce lafiya lau. Ranar Juma'a na ce ko za ka bari sai baɗi, ka ce in daina yi maka baki. Jiya na ajiye maka maganin kusa da kofin shayi, ka ture shi bayan rediyo. Kai ka ɓoye, ni ma na ɓoye."

"Sai ki tara min unguwa?"

"Da ka fi so in je wurin masu gangamin in nuna musu? Ka sa hannu a takardarsu cewa lafiyarka ƙalau. Na gani."

Ya kau da kai.

"Na zaɓi wadda ba za ta kunyata ka ba," in ji ta. "Na ce zai zauna sau shida, zai sha ruwa sau shida, lokaci zai ƙure, mota ta kawo min shi da ransa. Ban san za ka kai nan ba. Ban yi lissafin taurin kanka daidai ba."

"Wadda ba za ta kunyata ni ba."

"E."

"Motar nan?"

Ya nuna ta da hular kwano.

"Shekara guda ina amsa sunan da ba ubana ne ya raɗa min ba. Masu shayin da nake kai wa burodi, Na-Mota. A masallaci, Na-Mota. Rannan Laila ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci, an kira ta 'yar Na-Mota. Kin sani, ke kika lallashe ta."

"Gara 'yar Na-Mota da marainiya."

Ba wanda ya yi dariya. Sabi'u ya dubi ƙasa.

Jami'ar tashar ta matso. Ba ta jin Hausa, amma ta ga takarda mai tambarin asibiti, ta ga fuskoki. Ta tambayi Ummu Salma da Yarbanci ko takardar mene ce, ta miƙa hannu.

Huɗu da talatin da takwas.

Ummu Salma a Agege aka haife ta, Yarbancinta ya fi na mijinta. Ta ji tambayar sarai. Ta dubi Ridwanu.

"Ummu," in ji shi. "Kilomita bakwai."

"Babanka taku goma ya rage masa ya kai rumfarsa."

"Na yi ɗari da hamsin da uku ban faɗi ba."

"Don ka zauna sau shida."

Ya dubi gadar, ya dubi motar.

"To na ji," in ji shi. "Kin yi gaskiya. Na yi miki ƙarya, na yi wa likita, na yi wa mutanen nan. Gobe ki kai ni asibitin da kanki, ki zauna a gaban likita ki faɗi duk abin da kika ga dama. Keken ma ki sayar. Amma kada ki sa ni a motar nan a gaban Sabi'u."

"Ni me na yi?" in ji Sabi'u.

"Kai ka raɗa sunan."

"Wasa ne fa."

"Shekara guda?"

Jami'ar ta sake tambaya, wannan karon da ƙarfi. Ta nuna agogon hannunta. Ta ce in akwai maganar lafiya, dole ta sani, in babu, a ba ta kati, ko a ba ta lamba ya shiga mota.

Ummu Salma ta dubi takardar. Ta ninke ta, ta ƙara ninkewa, ta mayar cikin hijabi.

Ta ce wa jami'ar takardar gida ce.

Matar ta yi mata wani dogon kallo. Sannan ta karɓi katin Ridwanu, ta buga hatimi.

"Ban gama ba," in ji Ummu Salma da Hausa. "Shanye ruwan nan duka."

Ya shanye.

"A sauke kayan nan."

Ridwanu ya fara laluben ƙullin robar. Yatsunsa sun ƙi. Sabi'u ya ture hannunsa, ya zare wuƙa, ya yanke robar wuri biyu. Doya ta gangara ƙarƙashin keke-napep. Jarkar manja ta faɗi a gefe, Allah ya sa murfin ya riƙe.

"Doyata!" in ji Inna Mero.

"Za a ɗauko, Inna."

"Daga Ifo aka ɗauko ta ba ta fashe ba, sai a ƙofar gida?"

Ummu Salma ta wuce su ta nufi motar. Ta buɗe ƙofar gaba.

Direban ya ce mata motar mahaya ce, sai mai lamba.

Ta ce masa mijinta ne na ƙarshe a titi. Aikinsa shi ne ya bi bayan na ƙarshe. Ita ma aikinta ke nan, shekara goma sha tara. Ya matsa.

Direban ya leƙo ya dubi jami'ar. Jami'ar ta ɗaga kafaɗa, ta juya tana tattara kujeru.

Ummu Salma ta hau, ta zauna, ta sauke gilashi.

"Baban Laila."

"Na'am."

"Idona na kanka. In na ga keken nan ya yi lilo sau ɗaya, zan sa ya sha gabanka, in sauko da takardar a hannu. Ba zan sake yi wa kowa ƙarya ba yau."

"Na ji."

"Ba ji nake so ba."

"Na yarda."

Sabi'u ya riƙe masa sirdi har ya hau.

"Yanzu dai matar Na-Mota ce a mota," in ji shi, amma a hankali ya faɗa. Ya tura keken da hannu biyu, ya bi shi da gudu taku biyar kafin ya saki.

Huɗu da arba'in da ɗaya. Minti goma sha tara, kilomita bakwai, farkonsu hawan gada.

Keken ya yi sauƙi har ya ba shi tsoro. Tun Sango bai ji shi haka ba. Ya sauya giya, ya miƙe tsaye a kan feda. Daga ƙasa ana ta ihu, wasu na kiran Na-Mota, dattijon nan kuma yana tambayar wa zai ba shi lissafin 'yan gaisuwa.

Rabin gadar, ihun ya koma baya. Saura ƙarar injin motar da numfashinsa.

Ya ƙirga feda. Ashirin. Arba'in.

A sittin ya ji ƙeyarsa ta yi nauyi, kamar an ɗora masa akwatin burodi a wuya. Ya ce gajiya ce. Kunnensa na hagu ya fara wani siririn kuka.

Ya dubi farin layin da ke gefen titi don ya daidaita taya a kansa.

Layin ya zama biyu.

Ya goge ido da bayan hannu. Ya sake dubawa. Biyu ne har yanzu, ɗaya yana hawa kan ɗaya. Ya zaɓi na dama. Tayar gaba ta kauce, ta dawo.

Sau ɗaya.

Hon ya tashi a bayansa, dogo, ba irin na direba ba. Injin ya ƙara ƙarfi.

"Ridwanu!"

Shekara goma sha tara da aure, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko a ɗaki.

"Ridwanu, tsaya!"

Saman gadar saura taku talatin. Daga nan gangara ce. Inuwar motar ta fara rufe tayarsa ta baya.

Yatsunsa biyu suna kan birki.

Ya ɗauke su.